Ranar da Hita Ta Tafasa

Gidan Abdulbaqi shi ne na ƙarshe a sabuwar unguwar da ke bayan Gumel, ta wajen hanyar Gagarawa. Daga katangarsa ta baya ba ka ganin komai sai filayen da aka yanka ba a gina ba, masu su suna ta noma gero da wake a ciki kafin Allah ya hore musu abin gini. Maƙwabci mafi kusa ma sai ka ɗaga murya sosai kafin ya ji ka.

Abdulbaqi dillalin riɗi ne, rabin rayuwarsa a Maigatari yake yin ta. Da matarsa Zakiyya ta kusa haihuwar fari, wata rana ya dawo da wata farar tukunyar ƙarfe mai kamar ganga a bayan a-kori-kura. Hita ce ta bango, kwance, irin kayan da ke shigowa ta Nijar. Ya ce matarsa ba za ta sha hayaƙin itace a wankan jego ba. Mai gyaran da ya kafa ta a banɗakin ɗakin Zakiyya ya ga tana yawan kashe kanta tun ruwa bai yi zafin da ake so ba, sai ya zare wani ɗan abu daga cikinta ya haɗe wayoyin kai tsaye. Akwai kuma wani ɗan bututu a gefenta da ke ɗigar da ruwa yana jiƙa tayil, shi ma ya toshe shi tam. Aka yi ta yaba masa, domin tun daga ranar ruwan ya riƙa fitowa da zafin da zai fige kaza.

Aka haifi mace, aka sa mata Sumayya. Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Zakiyya, ta zo daga Sule Tankarkar don yi mata wanka. Ita dai ba ta yarda da ruwan da ba ta ga wutarsa ba, amma bayanta ya huta da ɗaukar garwa, don haka ta yi shiru. Abin da ba ta bari ba shi ne ganyen darbejiya. Kullum sai ta dafa shi a tukunya ta juye a cikin ruwan hitar.

Makunnin hitar yana waje, a jikin bango kusa da ƙofar banɗakin, da 'yar jar fitila a kansa. A kunne suke barinsa dare da rana, saboda wuta ba ta da lokacin zuwa, in ma ta zo ba ta daɗewa. Amma ran wata Alhamis ta kaka, wuta ta zo tun asuba da ƙarfinta, ta kuma zauna.

Ranar kasuwar Maigatari ce, Abdulbaqi ya fita tun kafin rana ta ɓullo. Da hantsi Gwaggo Kande ta yafa mayafi ta ce za ta yiwo ganye, daga nan ta leƙa wata 'yar garinsu da ke kwance ba lafiya a cikin gari.

"Zan sa kwaɗo ta waje," in ji ta. "Ke dai ki kwanta. Kada in dawo in tarar kina wani aiki."

Zakiyya ta ce to. Amma tana jin ƙarar kwaɗon get ta miƙe, don kayan jaririya sun taru, kuma ta gaji da kwanciya. Sumayya tana barci a kan gado, fanka tana kaɗa mata. Zakiyya ta jona wayarta a caji, ta ɗauki bahon kayan, daga ita sai ɗaurin ƙirji, ta shiga banɗaki ta tura ƙofa don kada motsin ruwa ya tada yarinyar.

Sai da ta ajiye bahon sannan ta lura da ƙarar. Wani gurnani ne ke fitowa daga saman kanta, kamar tukunyar wake da aka manta a kan murhu tana ɓararraka. Ta ɗaga kai ta dubi hitar. Ba ta ga komai ba, sai dai ɗakin ya yi wani irin ɗumi da ba ta saba ji ba. Ta miƙa hannu ta murɗa famfon ruwan zafi.

Famfon ya yi tari, ya yi kakari, sannan ya feso tururi haɗe da tafasasshen ruwa a bayan hannunta na hagu. Ta saki ƙara, ta murɗe shi da ɗayan hannun, ta yi tsalle zuwa ƙofa ta fizgi hannun ƙofar da ƙarfin tsoro. Dama ya daɗe yana girgiɗi, ana ta cewa za a gyara. Sai ga shi ya cire ya biyo ta. Ta ji ɗayan rabin ya faɗi ta waje, ya gangara a kan tayil.

Ta tsaya da guntun ƙarfe a hannu tana kallon ramin da ya bari. Ƙofar ta ƙarfe ce, irin wadda Abdulbaqi ya zaɓa don gara ba ta cin ta. Ta sa yatsa a ramin, ba abin da ya motsa. Ta mayar da hannun ƙofar ta juya, ya yi ta zagaye a banza. Ta ɗauko buroshin goge baki ta cusa gindinsa ta murɗa a hankali, ta ƙara ƙarfi, ya karye ya bar rabinsa a ciki.

"Gwaggo!" ta kira, tana bugun ƙofar da tafin hannu. "Gwaggo!"

Ta san babu kowa. Bakinta ne kawai ya kira.

Bayan hannunta ya yi ja, yana zugi. Ta buɗe famfon ruwan sanyi don ta tara shi, famfon ya zubo ɗan ruwa kaɗan, ya yi shaƙuwa, ya tsaya. Tankin sama ya ƙare. Da wuta ta zo ba wanda ya tuna ya kunna injin jan ruwa, Gwaggo kuwa ko kusa da makunni ba ta zuwa. Ruwan da ya rage a banɗakin duka shi ne rabin bokiti na jiya. Ta tsoma hannun a ciki, ta tsuguna a lungun da ya fi nisa da hitar, wanda bai wuce taku biyu ba.

Gurnanin ya ƙaru. Yanzu har da wani ƙas-ƙas na ƙarfe, kamar ana ƙwanƙwasa tukunyar daga ciki. Zakiyya ta dubi bangon da aka kafe ta a jiki. Bayan wannan bangon kan gadonta yake. Sumayya tana kwance daidai nan.

Ta yi tunanin tsinke wayar wutar. Ta bi ta da kallo, ta ga ta fito daga hitar ta shige bango can sama kusa da silin, inda ko ta hau bokiti ba za ta kai ba. Ko da za ta kai, ƙasa a jiƙe take, ƙafarta ba takalmi.

Ba ta san komai game da cikin hita ba, amma ta san tukunya. Duk tukunyar da ke tafasa aka danne murfinta, to sai ta yi hanya da kanta. Ta zaro wani zanen goyo daga bahon, ta jiƙa shi, ta naɗe hannunta na dama, ta kawar da fuska, ta murɗa famfon ruwan zafi kaɗan.

Tururi ya fito da wani irin fito mai huda kunne. Ƙas-ƙas ɗin ya ɗan lafa. Amma kafin ta gama ajiyar zuciya banɗakin ya cika fal, madubi ya ɓace, bango ya fara zufa, numfashinta ya koma kamar tana shaƙar ruwan zafi. Ta daure iya daurewa, da ta ji jiri na neman kayar da ita ta rufe. Nan take ƙas-ƙas ya dawo, ya fi na da. Ta sake buɗewa.

Haka ta yi ta yi. In ta rufe, tukunya ta yi kamar za ta tsage. In ta buɗe, ita ce ke dahuwa. A ƙarshe ta bar shi a buɗe rabi, ta kwanta rub da ciki ta kafa hanci a ƙarƙashin ƙofa, inda 'yar iskar fanka ke shigowa. Daga nan ta jiyo wayarta ta fara ringi a kan gado. Waƙar da ta sa wa Abdulbaqi ce. Ta yi ta ƙare, ta sake yi. Ƙarar ta tada Sumayya, ta fara kuka.

"Yi shiru, uwata," Zakiyya ta ce ta ƙarƙashin ƙofa. "Ga ni nan. Yi shiru."

Nono ya tsatso ya jiƙa mata zane. Ta fashe da kuka ita ma, ta yi salati, ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ta kai ƙarshe wata ta tsinke a tsakiya.

Akwai taga ɗaya, can sama, faɗinta bai fi kamu ɗaya ba, da ƙarafuna da ragar sauro. Zakiyya ta juye sauran ruwan bokitin a kanta, ta kife shi a gindin bango, ta hau. Jikin jego bai gama haɗewa ba, ta ji ɗinkin da aka yi mata ya ja kamar zai buɗe. Ta cije leɓe, ta kama ƙarfe, ta soke ragar da hannun ƙofar nan ta yage ta, ta tura fuskarta tsakanin ƙarafunan tana haƙi.

Can nesa akwai wani gini da ake yi, injin buga bulo yana ta ruri. Ta san masu aikin, Malam Ɗalha birkila ne da yaransa, shi ya yi musu katanga. Ta ƙwala masa kira, amma ita kanta ta ji yadda injin ya haɗiye muryar.

Kusa kuwa, a filin da aka riga aka girbe geronsa, shanu ne ke kiwo a cikin kara. A gefensu wani mutum yana tsaye, dogo siriri, da malafa a ka, ya saƙala hannuwa a kan sandar da ya gicciya a kafaɗa. Ba ta taɓa yi wa baƙon namiji magana ba mayafi ba, balle daga banɗaki. Hitar ta yi wata ƙara a bayanta.

"Bawan Allah! Malam! Mai shanu!"

Ya waiwaya hagu da dama, sannan ya ɗaga kai ya ga tururi na fita daga wata 'yar taga, da rabin fuskar mace a ciki. Ya matso har gindin katanga. Ta ga gemunsa da furfura.

"Gobara ce, baiwar Allah?"

"Baba, ka taimake ni don Allah. Ƙofa ta kulle ni a banɗaki. Tukunyar ruwan zafi ta lantarki ce za ta fashe, ga jaririyata a ɗaki. Makunnin yana waje, ba ni da yadda zan yi in kai."

"Ba kowa a gidan?"

"Ba kowa. Get ɗin ma da kwaɗo. Sai dai ka hauro."

Ya ja da baya taku ɗaya. Ya dubi katangar, ya dubi fasassun kwalaben da aka jera a samanta, ya dubi shanunsa.

"Ni in haura katangar mutane? 'Yata, kin san sunan da za a kira ni da shi in an gan ni. Bari in ruga in kira maginan can."

"Kafin ka je ka dawo ta fashe. Wallahi Baba ina ji a jikina. Ni zan gaya wa kowa ni na sa ka."

Kukan Sumayya ya fito ta tagar ɗaki, ya riga ya fara dishewa. Mutumin ya tsaya yana saurare. Sannan ya yi wa shanunsa wata magana da Fillanci, ya jefa sandarsa cikin gidan, ya taka wani tarin bulo da ke jingine da katanga. Ta ji ya yi "wash!" lokacin da kwalba ta yanke shi, sai kuma ta ji dirarsa.

Ta sauko daga bokitin ta koma ƙarƙashin ƙofa. Ta jiyo shi yana sallama a ƙofar falo. Ya sake yin wata a ƙofar ɗaki.

"Shigo, Baba, shigo! Ka dubi bango, hannunka na dama, kusa da ƙofar nan. Akwai abu mai jar fitila."

"Na gan su. Su uku ne."

"Mai jar fitilar. Danna shi."

"Ba zai kama ni ba? Hannuna jini ne."

"Sa sandarka."

Ta ji ƙwas. Ƙwan fitilar banɗakin ya mutu, ta zauna cikin duhun tururi.

"Ba shi ba ne! Na gefensa, babban!"

Ta sake jin ƙwas.

"Jan ya mutu," in ji shi.

Ta kifa goshi a kan tayil ta ce alhamdu lillahi. Sai dai hitar ba ta yi shiru ba. Tafasar da ta yi nisa ba ta tsayawa nan take, tana nan tana gurnani, famfo yana ta feshi. Mutumin ya gwada ƙofar, ya sa kafaɗa ya bangaje ta har sau uku, ko gezau.

"Bar ta, Baba. Ɗauki yarinyar ka fitar da ita tsakar gida, nesa da bangon nan. Ni zan iya jira."

"Zan ɓata mata kaya da jini."

"Ɓata. Ɗauke ta kawai."

Ta ji gadon ya motsa. Ta ji yana yi wa yarinyar wani ɗan sauti da harshe, irin wanda ake yi wa ɗan maraƙi, kukan ya yi ta nisa har ya fita. Zakiyya ta lumshe ido.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. Abin da ya dawo da ita shi ne shirun da injin bulo ya yi, sai kuma ƙarar dirar mutane cikin gidan, ɗaya bayan ɗaya.

"Ga shi nan! Ga shi nan da jaririya a hannu!"

"Jini ne a jikinta! La ilaha illallahu, ya yanka uwar!"

"Karɓe yarinyar tukuna! Karɓe ta!"

Ta ji muryar mutumin yana cewa, "Ku tsaya ku ji, matar tana ciki, ita ce ta ce..." Bai ƙarasa ba. Wani abu mai nauyi ya sauka a jikin mutum, ya sake sauka. Ta san ƙarar shebur.

"A'a!" Zakiyya ta miƙe ta hau dukan ƙofar da hannu biyu, har da wanda ya ƙone. "Ku bar shi! Ni na kira shi! Ku bar shi!"

Tsakaninta da su akwai ƙofar ƙarfe, da ɗaki, da falo, ga ihunsu, ga fiton famfo. Ba wanda ya ji. Ta ji wani yana cewa a nemo igiya, wani yana cewa wace igiya, a gama da shi a nan. Mutumin ya daina magana, sai nishi.

Ta lalubo bokitin cikin tururi ta hau. Robar ta yi laushi da zafi, ta lotsa a ƙarƙashinta, ta faɗo gwiwarta ta bugu da masai. Ta tashi, ta kife bahon kayan jaririya a kan bokitin, ta sake hawa, ta rataye da hannu ɗaya a jikin ƙarfen taga. Da ɗayan ta ɗauki hannun ƙofar ta shiga buga ƙarafunan, ƙwal, ƙwal, ƙwal, tana ihu da wata murya da ba ta san tana da ita ba.

"Malam Ɗalha! Malam Ɗalha! Jama'a! Ina raye!"

Wani lebura da aka bari a bayan katanga don ya tare hanyar gudu ya zagayo da gudu, riƙe da guntun rodi. Ya ɗaga kai ya gan ta, ya saki baki.

"Matar gidan ce ke?"

"Ni ce! Ruga ka gaya musu su bar mutumin nan! Ni na roƙe shi ya shigo, shi ya ceci 'yata! In ya mutu ku kuka kashe shi! Ruga!"

Ya yar da rodin ya haura katangar. Ta ji yana kiran, "Oga Ɗalha! Oga Ɗalha, ku dakata!" Ihun bai tsaya lokaci ɗaya ba. Ya yi ta raguwa, murya ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba a jin komai sai kukan Sumayya. Hannun Zakiyya ya saki ƙarfen, ta zame ta zauna a ƙasa cikin ruwa.

Daidai nan kwaɗon get ya yi ƙara. Gwaggo Kande ta shigo da damin ganye a ka, ta tarar da maza cike da tsakar gida, wani kwance cikin jini, jaririya a hannun lebura. Salatin da ta saka har banɗaki Zakiyya ta ji shi.

Da guduma da rodi suka ɓalle ƙofar. Tana buɗewa tururi ya yi waje, mazan suka ja da baya suka juya fuska. Gwaggo ta shiga ta lulluɓe ta da mayafinta, ta rungumo ta. Fatar Zakiyya ta yi jawur, bayan hannunta ya tashi ya ɗuri ruwa, leɓɓanta sun bushe duk da jiƙewar da ta yi.

"Zauna a gado, 'yar nan. A kawo ruwa!"

"Ina mutumin?"

"Ke dai zauna."

Ba ta zauna ba. Ta dafa bango ta fita tsakar gida. Yana zaune jingine da katanga, an ɗaure masa kai da rawanin wani, jini ya riga ya huda shi. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Malafarsa tana gefe a tattake. Hannunsa na hagu yana kwance a cinyarsa ta wata fuska da hannu ba ya kwanciya. Malam Ɗalha yana tsugune a gabansa da kofin ruwa, ya kasa ɗaga kai. Sauran sun rarrabu a jikin bango, kowa yana kallon ƙasa.

Zakiyya ta durƙusa nesa kaɗan.

"Yarinyar lafiya?" mutumin ya tambaya. Muryarsa ta sauya saboda leɓen da ya fashe.

"Lafiya lau, Baba. Ka yafe mini. Ka faɗa mini, ban ji ba."

"Ke ba ki yi komai ba." Ya ja numfashi da ƙyar. "A duba mini shanuna. Akwai waken mutane a can gefe da ba a cire ba."

Leburan da ya kai saƙo ya fita da gudu, kamar dama jira yake a ba shi abin yi.

Malam Ɗalha ya ce, "Malam, sunanka fa?"

"Haladu."

"Malam Haladu, mun gan ka a kan katanga ne. Sannan muka ga jini a jikin yarinyar..."

Haladu ya dube shi da idon da ya rage a buɗe.

Aka samo a-daidaita aka tafi da shi asibiti, Ɗalha na riƙe da shi. Aka saka Zakiyya a wata, ita da Gwaggo da jaririya. An wanke mata hannu an naɗe, an ƙara mata ruwa, an sake duba ɗinkinta. Tana kwance Abdulbaqi ya iso daga Maigatari, ƙafafunsa duk kashin shanun kasuwa, ko hula babu. Ya tsaya a bakin gadon yana ta maimaita "sannu". Da ya je ɓangaren maza neman Haladu, aka ce an ɗinke masa kai, amma ya ƙi a taɓa hannun. 'Yan'uwansa sun zo sun tafi da shi wajen mai ɗorinsu.

Washegari Abdulbaqi ya kira wani mai gyara dabam ya sauke hitar. Da aka kwantar da ita a tsakar gida kowa ya ga gindinta ya kumbura kamar cikin tulu, ɗinkin ƙarfen ya fara buɗewa ta gefen da ke kallon bango. Mai gyaran ya nuna inda aka haɗe wayoyin da inda aka toshe bututun, ya ce abu biyu ne ke hana irin wannan tukunya fashewa, kuma duka biyun an kashe su. Abdulbaqi ya zauna a kan bulo ya daɗe yana kallonta. Gwaggo Kande kuwa ta miƙe. Ta jera duwatsu uku a bayan kicin, ta aika a sayo itace.

Da Zakiyya ta ɗan ji sauƙi, Abdulbaqi da Malam Ɗalha suka hau babur suka nemi rugar su Haladu, can ta wajen Gagarawa. Sun dawo da la'asar. Zakiyya tana zaune a falo tana ba Sumayya nono da hannu ɗaya, ta tare mijinta da ido tun daga ƙofa.

"Kun same shi?"

"Mun same shi. Yana kwance a inuwa, an ɗaure hannun da karare. Ya karɓe mu, ya sa an kawo mana nono. 'Ya'yansa ne dai ba su amsa gaisuwar Malam Ɗalha ba. Babban ma tashi ya yi ya bar wurin."

"Me ya ce?"

"Ya ce ya yafe. Na kai masa buhun gero da atamfa don iyalinsa, da ƙyar ya bari aka sauke. Na ce in ya warke ya zo gida ya ga yarinyar." Abdulbaqi ya cire hula ya shafa kai. "Ya ce a shafa masa kanta. Amma shi da wannan gefen garin sai dai labari."

Zakiyya ta sunkuyar da kai ta dubi jaririyar. Ta ɗaga hannunta mai bandeji ta ɗora a kan 'yar a hankali, ta shafa.

Daga tsakar gida Gwaggo Kande ta ƙwala kira cewa ruwa ya yi, a zo tun bai huce ba.